Ƙurar Da Na Tanadar Wa Kusai

Juma'a, 6 ga Janairu

Yau muka tayar da injin. Motar Yaya Hazim ta sake numfashi, ita da aka ciro daga kwazazzabon Tekun Gishiri kamar gwangwanin da aka taka. Hayaƙi ya cika garejin, ni kuma na tsaya ina ta dariya ni kaɗai. Yaya yana sama, ya ji ƙarar ta taga. Matarsa Shaza ta ce cewa ya yi a rufe tagar.

Na rubuta sunana a ƙofar direba, Suhaib, a ƙarƙashin nasa. Ban goge nasa ba.

Bana ni zan tuƙa. Tsere shida a ƙasashe shida, a fara daga Oman a ƙare a Kuwait. Kofin ba ya gabana. Kusai nake nema.

Asabar, 7 ga Janairu

Bari in rubuta abin yadda ya faru, tun da mutanen garinmu, Salt, sun fara yi wa labarin kwaskwarima.

Bara a tseren gida, Yaya yana tuƙi ni ina karanta masa hanya, muka kife. Na fito da ƙafata. Shi mota ta danne shi, yana ce mini, "Suhaib, ba na jin ƙafafuna." Na fizgo jan allo na haura bakin hanya na ɗaga. Dokar kowa ya san ta: ka ga jan allo, ka tsaya, ka kira agaji, ko da kofin yana hannunka. Farar motar Kusai ce ta zo. Ta wuce ni, tsakuwarta ta farfasa mini ƙwauri. Kuma na ga hular kwanonsa ta juyo ta kalle ni. Wallahi na gani.

Motocin da ke bayansa sun lalace a hanya, aka daɗe kafin wani ya iso. Likita bai ce da an yi sauri da Yaya ya tashi ba. Bai kuma ce ba zai tashi ba.

Kusai ya ci tseren, ya ci kofin shekara. Ya ce ƙurar kifewarmu ce ta rufe hanya, bai ga kowa ba.

Daga baya ubansa ya zo da dattawa, motoci har bakin masallaci. Suka ajiye finjalan gahawa a ƙasa, ba za su sha ba sai an yafe. Baba ya ce, "Ku sha gahawarku." Ya yi alkawari a gaban Abu Mijhim, dattijon da ya tsaya lamunin sulhun, cewa babu hannun ɗan gidanmu da zai taɓa Kusai ko wani nasa. Da suka watse ya kama kunnena kamar ina ɗan makaranta: "Mutuncina na ajiye a gaban mutane. Wanda ya taɓa yaron nan, ni ya taɓa."

Na ji, Baba. Ni dai ba ni na ce su sha ba.

Asabar, 28 ga Janairu, Oman

Na tara na gama. Kusai na ɗaya. Kaico.

Kawu Jiryis ne ke karanta mini hanya, tsohon abokin Baba daga garin Fuhais, wanda ya zauna gefen direbobi tun kafin a haife ni. Ya cika mini mota da ɓawon 'ya'yan kankana. Da muka fito ya yi alamar gicciye ya ce, "Ɗana, ba don tsoro na yi ba. Don godiya na yi, saboda da wannan gudun naka ko akuya ba za mu iya kashewa ba."

Kusai ya zo rumfarmu ya miƙo hannu. "Ya jikin Hazim?" Ji bakinsa! Na nuna masa hannuna duk baƙin mai. Ya tsaya jim, ya tafi. Ba wani mai da yawa ba ne, da ya taho na ƙara shafawa.

Juma'a, 17 ga Fabrairu, Katar

Yashi ya shiga ko'ina, har cikin burodi. Na bakwai. Ban san me nake yi a nan ba. Motarsa ta fi tawa, kuɗinsa ya fi nawa, ba zan taɓa cin sa da gudu ba.

Asabar, 18 ga Fabrairu

Na samu! Allah, na samu.

Ranar ƙarshe ta kowane tsere a juye ake sakin na gaba-gaba: na uku ya fita, sai na biyu, sai na ɗaya, minti biyu tsakanin kowa, don ƙurar na gaba ta kwanta. Yau wani Bakuwaite taya ta fashe masa, yana ta jan jiki, na bayansa ya cim masa ya faɗa cikin ƙurarsa. Bakuwaiten ya kauce da wuri, amma duk da haka mutumin ya yi asarar matsayinsa. Ya fito yana zagi har da hawaye.

Na tambayi Kawu Jiryis, in na gaban bai kauce ba fa? Ya ce, "Sai na bayan ya zama makaho, na gaban ya zama ɗan iska." Ya ci gaba da ɓare 'ya'yan kankanarsa.

To ga shi nan. In ina na biyu Kusai yana na ɗaya, ni zan fita a gabansa. In sassauta, in jira shi, in ƙi kaucewa. Hannu Baba ya ce. Bai ambaci ƙura ba. Mutumin da ya ce ƙura ta hana shi gani, zan ba shi ƙura ya ƙoshi, kuma a ranar da ta fi masa ciwo.

Saura abu ɗaya: sai na zama na biyu. Yau na shida na gama.

Laraba, 29 ga Maris

Azumi. Bayan sallar asuba ina fita da motar bayan gari, in yi ta maimaita kwana ɗaya har rana ta yi zafi. Umma ta ce na rame kamar wanda ake bi da asiri.

Talata, 11 ga Afrilu

Abin mamaki. Bayan shan ruwa Shaza ta sauko ta ce Yaya yana kirana. Rabon da ya kira ni da kansa har na manta. Na same shi a kekensa na guragu, waya a hannu, yana kallon hoton tuƙina na Katar.

"Wa ya koya maka taka birki haka? Kamar wanda ya hango surukarsa a hanya."

Na ce kai ka koya mini.

"Ƙarya kake. Zauna."

Ya yi ta nuna mini: ka taka tun kafin kwanar, ka bar gindin motar ya zame, ka daina faɗa da sitiyari. Hannayensa suna juyawa a iska, ƙafafun suna nan kan matakin keken ba motsi. Na kasa kallon hannayen, ƙafafun nake kallo. Ya lura, ya ce, "Fuskata tana nan sama, jaki."

Ban gaya masa dalilin da nake son gudun ba.

Juma'a, 19 ga Mayu

Tseren gida. Mun bi ta wurin. Kawu Jiryis ya karanta kwanar da muryar da yake karanta kowace, ni kuma na cije haƙora har suka yi ciwo. An sa sabon shinge a bakin kwazazzabon. Sai yanzu.

Asabar, 20 ga Mayu

Na huɗu. Kusai ya sake ci, wani Ba'omane mai suna Mazin yana binsa. Su biyun ne ke kokawar kofin bana.

Lahadi, 21 ga Mayu

Kusai ya yanka raguna ya yi mansaf, shinkafa da nama da miyar nono, ya gayyaci duk wanda ya shiga tseren. Kuma Baba ya je! Ya sa sabon hirami, ya gyara baƙar igiyar da ke riƙe shi a kansa, ya je ya tsaya a kan tiren mutanen nan ya dunƙula shinkafa da hannunsa ya ci. Da ya dawo na ce, "Baba, ta wuce maka maƙogwaro?"

Ya ce, "Da ƙyar. Amma ta wuce. Sulhun da ba a ci abinci a kansa ba magana ce kawai."

Sun aiko da tire har gida, wai na Hazim. Na ɗauka zan kai wa karnukan bayan gareji, Umma ta tare ƙofa ta ce abinci bai yi mini laifi ba. Yaya ya ci. Ya ce miyar nonon ta yi gishiri. Abin da ya gani a ciki ke nan, gishiri.

Wani lokaci ji nake duk gidan nan ni kaɗai na tuna.

Alhamis, 29 ga Yuni

Sallah. Na sauke Yaya daga bene a bayana don ya ga yanka. Ya fi sauƙin ɗauka a kan da. Allah ya isa.

Asabar, 2 ga Satumba, Labanan

Na biyu! Yau na kwana a na biyu, Kusai na ɗaya, gobe ni zan fita a gabansa.

A Labanan. A kan kwalta. Ƙasa guda tak a duk shekarar da ake tsere a kan kwalta mai tsabta kamar falon amarya, nan Allah ya ga dama ya ba ni na biyu. Na leƙa hanyar gobe ko da ɗan wurin da ake gyara, babu. Na shuri taya har yatsana ya kumbura. Kawu Jiryis ya ce, "Na ga mutane suna kuka don sun sha kaye. Kai ne na farko da na ga yana haushin ya yi ƙoƙari." Ya daɗe yana kallona.

Lahadi, 3 ga Satumba

Na uku na gama, Mazin ya wuce mu duka. Na hau dandamali karo na farko a rayuwata. Kusai yana tsaye kusa da ni, ƙamshin turarensa yana shiga hancina. Ya ce a hankali, "Tuƙin Hazim nake gani a hannunka." Na ce kada ka ƙara kama sunansa. Muka yi wa masu hoto murmushi.

Laraba, 6 ga Satumba

Na kai wa Yaya ɗan kofin. Ya ɗora a cinya yana juya shi. Ya ce, "Ƙarami ne." Can kuma ya ce wa Shaza ta share saman talabijin ta ajiye shi. Ya ce in na gama shekara a ukun farko zai sauko gareji da kansa ya duba injin baɗi.

Na ce to. Me zan ce?

Asabar, 7 ga Oktoba, Kubrus

Yau ni na faɗa ƙurar wani. Wani ɗan ƙasar ne giyar motarsa ta maƙale, na cim masa a cikin itatuwa, babu iska ko kaɗan. Ya kauce, amma kafin ya kauce...

Da muka fito Kawu Jiryis ya ce, "Me ka gani a ciki?"

Na ce komai na gani.

"Ka ga tankin ruwan da muka wuce ta dama?"

Na ce na gani.

"Babu tanki a hanyar nan, ɗana."

Tsoho mai neman magana. Wannan daban, waccan daban. Tamu ƙurar kifewa ce, ta riga ta fara kwanciya. Kuma hular ta juyo. Na ga ta juyo.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Na uku. Laisu, ɗan kawun Kusai da ke karanta masa hanya bana, ya shigo rumfarmu da tiren kayan zaƙin nan, kunafa, wai matarsa ta haihu. Mai shagon magani ne a Amman, bara ba ya cikin motar. Ya ce, "Yaya Suhaib, ko loma ɗaya, don jaririyar." Na ce ina da ciwon suga. Kawu Jiryis ya cinye rabona yana cewa, "Allah ya ba ka lafiya, tun yaushe?"

A jirgin dawowa ya matso kusa da kunnena. "Na san abin da kake ƙullawa. Tun Katar kake tambayar iska da tsarin fita. Ubanka ya ajiye girmansa a gaban mutane, kai kana neman ta inda za ka zagaye. Ka ɗauka dattawan nan yara ne?"

Na ce ni tsere nake yi.

"To yi tsere."

Litinin, 13 ga Nuwamba

Saura Kuwait. Kusai da Mazin kusan maki ɗaya, wanda ya riga ɗan'uwansa shi ke da kofi. Ni ina na uku a shekara, in na gama lafiya.

Da zan fita Baba ya raka ni har ƙofa, abin da bai saba ba. Ya gyara mini wuyan riga ya ce, "Ka je da mutuncina, ka dawo mini da shi." Ko Kawu Jiryis ya yi magana? Ban tambaya ba.

Juma'a, 17 ga Nuwamba, Kuwait

Kusai na ɗaya, ni na biyu, Mazin na uku da 'yar tazara kaɗan. Gobe Mazin zai fita, sai ni, sai Kusai. Zangon ƙarshe yana da doguwar hanya matsattsiya tsakanin bututun mai da tudun yashi, babu ta inda mota za ta wuce wata sai ta gaba ta kauce. Ƙasar laushi kamar garin alkama. An ce gobe babu iska.

Yaya ya bugo. "Na biyu, jaki! Kada ka yi wauta, ka kawo ta gida kawai." Ya ce ya gayyaci maƙwabta su zo kallo.

Shekara guda nake jiran gobe.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Na yi.

Ina fita na ɗaga ƙafa daga totur. Kawu Jiryis ya ce, "Me ya samu injin?" Na ce lafiyarsa ƙalau. Ya ci gaba da karatu. Muka shiga tsakanin bututun da tudun ina tafiya kamar mai kai amarya, har na hango fitilunsa a madubi. Ƙararrawar nan ta cikin mota, wadda na baya ke kaɗawa yana neman hanya, ta fara ihu.

Kawu Jiryis ya ce, "Kauce."

Ban kauce ba. Na ƙara wuta daidai yadda ba zai rabu da ni ba, ina kaɗa gindin motar dama da hagu tana tono ƙasa. Fitilun suka ɓace a cikin ƙurar. Ƙararrawar tana ta ihu.

"Suhaib, don girman Allah kauce! Akwai mutum biyu a motar nan!"

Na ce a tamu ma mutum biyu ne.

Ya rufe littafin karatunsa, ya naɗe hannu. "Daga nan kai da Ubangijinka."

Ni kuma ina ihu a cikin hular kwano: Kana gani? Kana gani yanzu, ɗan gidan masu kuɗi? Ba zan ɓoye ba, tunda nake ban taɓa jin daɗi irin wannan ba. Kamar an zare mini ƙaya daga ƙirji.

Can ƙararrawar ta yi shiru.

Na kai ƙarshe. 'Yan Oman suna ta rawa sun ɗaga Mazin sama. Na zauna a kan bonet ina jiran in ga fuskar Kusai. Bai iso ba. Motar asibiti ce ta shiga.

Dutsen da ke tare bututun ya daka, suka kife. Kusai ko ƙwarzane bai yi ba. Laisu ya karye a kafaɗa da haƙarƙari.

Kafaɗa ce. Za ta ɗore. Yayana fa?

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Alƙalan tsere sun kore ni, sun share makina na shekara, sun riƙe lasisina. Su riƙe. Sun tambayi Kawu Jiryis ko injin ne, ya ce ba injin ba ne. Na tare shi a waje. Ya ce, "An tambaye ni, na faɗa. Ban yi ƙarya don kaina ba, ba zan fara dominka ba." Ya canja kujera a jirgi.

Kusai ba shi da kofi. Wannan dai babu alƙalin da zai share shi.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Tun da na dawo Baba bai ce mini uffan ba. Yau na hau wurin Yaya. Shaza ta ce ranar Asabar ya yi aski, ya sa tsohuwar rigar tserensa, falo cike da mutane, yana nuna musu waya yana cewa ƙanena ne, ni na koya masa.

Na ce, "Yaya, na rama maka."

"Wa ya aike ka?"

Na ce mutumin da ya bar ka a kwazazzabo...

"Ƙafafuna ne, Suhaib. Nawa ne. Ni nake kwana da su ni nake tashi da su. Kai kuma ka ɗauke su kana yawo da su ƙasa-ƙasa kamar naka. Na ɗauka tuƙi nake koya maka. Fita."

Na fita. Zai huce.

Litinin, 27 ga Nuwamba

Abu Mijhim ya zo, ya ƙi zama. Ya tsaya a tsakar gida da sandarsa ya ce wa Baba, "Abu Hazim, ni na tsaya maka, kuma an zubar da jini bayan sulhu."

Na sa baki na ce hannuna bai taɓa kowa ba, ƙura ce, alkawarin hannu aka yi. Ko kallona bai yi ba. Ya ce wa Baba, "Wannan maganar lauyoyi ce. Ka gaya wa ɗanka ƙurar ba da kanta ta tashi ba."

Ya ba Baba zaɓi. Ko a kafa baƙar tuta a ƙofarmu duk Salt ta san gidan nan ba ya riƙe alkawari, ko Baba ya ɗauki dattawa ya je gidan su Kusai a Amman ya roƙi yafiya.

Na ce ni zan je, ni na yi. Sai a nan Baba ya yi magana. "Kai wa ya san ka? Ni na yi alkawari."

Juma'a, 1 ga Disamba

Mun je bayan sallar Juma'a. Yaya ya ce sai an tafi da shi. Ni na sauko da shi, ya riƙe wuyana kawai don kada ya faɗi.

Zauren cike. Abu Kusai, uban Kusai, a tsakiya, Kusai a damansa, Laisu a gefe hannu rataye a wuya, yana numfashi a hankali saboda haƙarƙarin. Abu Mijhim ya yi jawabi mai tsawo. Abu Kusai ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Bara na zo gidanka da kaina, Abu Hazim, ka ba ni magana. Na koma na ce wa matata ta kwantar da hankalinta, ɗanta yana cikin amanar mutumin kirki. Yau in ka sake ba ni magana, da me zan auna ta?"



Baba ya miƙe, da gwiwoyin nan nasa. Ya kai hannu kansa ya cire igiyar, hiramin ya zame ya faɗo kafaɗa. Tunda nake ban taɓa ganin kan Baba a buɗe a gaban baƙi ba. Ashe furfurar ta ƙare, saura fata. Ya jefa igiyar a kan darduma, ta gangara ta tsaya a gaban ƙafafun Kusai. Ya ce, "Ba ni da abin da ya fi wannan. In ba ta isa ba, ga wuyana."

Wani tsoho a bayana ya fara salati. Yaya ya sunkuyar da kai. Ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Laisu ne ya fara magana, ya ce shi ya yafe nasa. Kusai bai ɗago ba, igiyar yake kallo, fuskarsa ta yi fari. Can Abu Kusai ya ce, "Ya isa. Ɗauki igiyarka, Abu Hazim, kanka ya fi ƙarfin haka."

Baba ya ce, "Ba ni na yar da ita ba."

Bai kalle ni ba. Duk zauren ne ya kalle ni.

Asabar, 2 ga Disamba

Na ɗauko ta. Ba yadda za a yi mutum ya ɗauki abu a ƙasa bai durƙusa ba, kuma a gaban Kusai take, ba ni na ajiye ta a nan ba. Don igiyar na durƙusa. Na rubuta a nan saboda na san abin da za a ce a gari.

An ce na daɗe a ƙasa. An ce na yi magana, wai yafiya na roƙa. Shaza ta ce Yaya ya ce ya ji abin da na faɗa, Laisu ma ya ji. Ni ban ji ba, kunnena yana ƙara a lokacin.

Na ɗora wa Baba a kansa a gaban kowa, ta karkace. Ya bar ta a karkace har muka iso gida.